Sakin anka a tsakanin duwatsun murjani da iyo da bututun numfashi

Sabon Matuƙi: Assalamu alaikum. Ga mai yawo tsakanin tsibirai da jirgin ruwa mai filafilai, yaya ake sakin anka (ƙarfen da ke tsayar da jirgi) a inda murjani, halittar teku mai kama da dutse, ya yi yawa ba tare da sarƙa ta maƙale ko an ɓarnata murjanin ba? Me kuma ya kamata a kiyaye kafin a faɗa ruwa kallon kifaye?

Baban Jirgi: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin yana farawa tun kafin ka iso. Ka tsara tafiyarka ka shiga tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, rana tana sama ko tana bayanka. In tana gabanka, ƙyallin ruwa zai rufe maka komai. Taswira ba ta nuna kowane dutse, saboda haka mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi da tabarau mai kashe ƙyalli. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske yashi ne, launin ruwan ƙasa kuwa murjani ne dab da saman ruwa.

Yashi za ka nema. Lissafin sarƙa: zurfi mita 6, tsayin goshin jirgi mita 1, abin da ruwa zai ƙaru in teku ta cika mita 1, ya zama 8. Ninka sau 5, mita 40 ke nan. In igiya ce, sau 7. Ka riƙa saki a hankali jirgi yana ja da baya, kada ta taru tsibi a kan ankar. Sannan ka sa inji ribas minti biyu, hannunka a kan sarƙa: in tana karkarwa, ankar jan ƙasa take yi, ba ta kama ba.

Uwar Murjani: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai matsalar takan zo da dare, lokacin da iska ta juya. Jirgi ya kewaya, sarƙa ta naɗe kan dutse, mita 40 ta koma 10, kowace igiyar ruwa sai fizga. Maganinsa a ɗaura wa sarƙar ƙwallaye masu tauri da ke yawo kan ruwa, na farko a nisan kamar ninki biyu na zurfin daga ankar, sauran jefi-jefi, don ta bi ta saman duwatsun. Masu laushi suna motsewa in sun nitse. Inda aka girka wurin ɗaure jirgi, yi amfani da shi. A tsibirin Bonaire ma an hana sakin anka. Murjani halitta ce mai rai, abin da sarƙa ta karya a dare ɗaya sai ya shekara da shekaru bai dawo ba.

Mai Ninƙaya: Sauke tsani kafin kowa ya shiga ruwa, kuma kada a shiga shi kaɗai. Iyon farko a je a duba ankar. Sabon gilashin fuska a goge cikinsa da man goge baki, daga baya yawu ya isa hana shi yin hazo. Fara iyo kana fuskantar jan ruwa, don dawowa ta zo da sauƙi. Mashigar da ke tsakanin duwatsu kuwa, sai lokacin da ruwa ke shigowa, da ƙaramin kwalekwale a ɗaure a hannunka. In yana janyewa, tsakiyar teku zai kai ka. Kada ka yi ta jan numfashi da sauri kafin nutso, yana sa suma a ƙarƙashin ruwa ba gargaɗi. Kada ka taka, kada ka taɓa, kunkurun teku ma bar shi ya wuce abinsa. In ƙayar bushiyar teku ko ta kifin dutse (kifi mai dafi da ke kama da dutse) ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi da fata za ta iya jurewa, kamar digiri 45, minti 30 zuwa 90. Na kifin dutse kam a garzaya asibiti.