Idan na'urar auna haske ta nuna abin da ba ya cikin samfuri

Mai tambaya, daga Yamai: Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaji. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ganin baƙuwar alama a sakamakon na'urar auna shan haske ya faɗa mana yadda abin ya kasance, domin ɗalibanmu suna ɗaukar kowane tsini da ya fito a takarda, wato wurin da layin sakamakon ya nuna an sha haske sosai, a matsayin shaidar samfurinsu.

Malamin kimiyyar sinadarai, Yamai: Wa alaikumus salam. Abin da na fi gani shi ne tsini kusa da lamba 2350 a ma'aunin infirared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, duk ranar da ɗalibai suka cika ɗaki suka sunkuya kan na'ura. Numfashinsu ne. Ƙwayar iskar kabon dayoksaid da ke cikin numfashin tana shan wannan haske saboda rarrabuwar cajinta tana sauyawa idan tana girgiza, alhali naitirojin da oksijin, waɗanda su ne mafi yawan iskar ɗakin, ba su shansa ko kaɗan. Yanzu da wannan nake fara darasi, domin ban san wata hujja da ta fi ta shiga kai ba.

Ma'aikaciyar gwajin ruwa, Tawa: Malam, Allah ya ƙara sani. Mu namu ya shafi ruwan rijiya. Muna auna sinadarin naitiret da hasken da tsawon zangonsa ke wajen nanomita 220, inda hasken ultrabayolet ke ɗaga ilektiron zuwa mataki na sama, sai wani samfuri ya ba da adadin da ya haura miligiram 50 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Da na ɗaga kwalbar na duba ta wajen taga, sai na ga laka siririya tana yawo a ciki. Lakar ba shan hasken take yi ba, warwatsa shi take yi, na'urar kuwa ba ta bambance su biyun. Da muka tace ruwan, adadin ya sauko. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da irin wannan sakamako ake hana mutanen gari rijiyarsu.

Ɗalibar digiri na biyu, Yamai: Hajiya, ni da damina na gamu da nawa. Gishirin fotasiyam buromaid da muke matse samfuri a ciki yana jan laima a watan Agusta, sai tudu mai faɗi ya bayyana wajen lamba 3400 a ma'aunin infirared, inda ruwa ke shan haske, tamkar samfurin yana ɗauke da ruwa. Tun daga nan muke busar da gishirin a tanda, mu auna shi shi kaɗai kafin mu haɗa shi da komai.