Wai kwamfuta ta kori kunne a karatun Mos?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina yanzu ɓata lokaci ne mutum ya kwashe watanni yana horar da kunnensa karatun Mos, wato saƙon da ake bugawa ta rediyo da gajerun sauti da dogaye a madadin haruffa. A gasar masu rediyon sha'awa ta ƙarshen makon nan na haɗa rediyona da CW Skimmer, manhajar da ke karanta Mos, na koma gefe ina kallo. Tashoshi birjik a allo, kowacce da lambar kiranta, duk a lokaci guda, har da waɗanda kunnena bai san suna wurin ba. Wane gwani ne zai saurari tasha biyu tare, balle hamsin? Tun 2008 Alex Shovkoplyas ya fitar da manhajar nan, a kanta kuma aka gina Reverse Beacon Network, tsarin da ke sanarwa a intanet lambobin kiran da aka ji. Kwamfuta ta riga ta fi mutum karanta Mos, har da wanda aka buga da hannu. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Ilu: Wa alaikumus salam. Nura, tambaya ɗaya. Waɗanda ka gani a allon, wa ya buga musu saƙon?

Nura: Masu tashoshin mana, Baba.

Malam Ilu: Ina! Maɓallin F1 na kwamfuta suka danna, kwamfutarsu ta buga, taka ta karanta. Inji ya yi wa ɗan'uwansa magana, kai kuma kana tafi. Ina hannu a nan?

Bashir: A nan dai Malam ya kama ka. Ni ɗan gasa ne, kusan duk abin da nake aikawa daga manhajar rajista yake fita. Ko na kama maɓallin lantarki da yatsu, na'urar ce ke yanka mini kowane ɗigo (gajeren sauti) da kowane ja (dogon sauti) daidai wa daida. Kuma me ake faɗa a gasa? Lambar kira, 5NN na rahoton sigina, sai lambar shiyya ko ta jeri. Skimmer ma abin da ta fi ƙwarewa a kai ke nan, tsinto lambar kira. Amfaninta ba ƙarya ba ne, shi ya sa a gasar CQ WW wanda ya kunna ta sai ya shiga rukunin masu samun taimako. Amma hira da mai maɓallin hannu wani abu ne daban.

Injiniya Rabi: Bari in shigo da lissafi, don mu san a kan me muke musu. A ƙa'ida ɗigo awo ɗaya ne, ja awo uku. Shirun da ke cikin harafi awo ɗaya, tsakanin haruffa uku, tsakanin kalmomi bakwai. Da kalmar PARIS ake auna sauri, ita kuma awo 50 ce cif. To a kalma 20 a minti, ɗigo kashi 60 ne cikin dubu na daƙiƙa, ja kuma 180. Ga inda gizo ke saƙar: ja a saurin kalma 30 tsawonsa 120, ɗigo a saurin kalma 10 shi ma 120. Sauti ɗaya, tsawo ɗaya, a wurin wannan ja ne, a wurin wancan ɗigo. Dole manhaja ta fara gano saurin mai bugu kafin ta raba su, mai bugu da hannu kuwa saurinsa yawo yake. Ya fara da zafi, hannu ya gaji ya lafa, ya zo kan lambar kiransa da ya buga sau dubu ya zuba ta a guje.

Wannan ma mai sauƙi ne, manhajoji irin su Fldigi da CwGet suna bin sauri gwargwado. Shirun ne ke kayar da su. Mutane suna kula da sautin da suke fitarwa, ba sa kula da gurbin da suke bari.

Sadiya: Wallahi Anti Rabi kamar kina ɗakina. Wata na huɗu ke nan ina koyo da maɓallin hannu. Na kunna Fldigi don in ga abin da nake bugawa, sai na ga duk inda na buga DE, wato "daga", harafin B ke fitowa. Na ce manhajar ce ta lalace, har na sake girka ta. Ashe D ja ne da ɗigo biyu, E ɗigo ɗaya, in ka manne su ka sami ja da ɗigo uku, B ke nan. CQ ɗina kuma, wato kiran neman wanda zai amsa, NNMA yake fitowa, don ina ɗan tsayawa a tsakiyar kowane harafi ban sani ba. Kwana uku ina jin haushin kwamfutar nan kafin na yarda ni ce.

Nura: Yauwa! Kun ji ko? Kwamfutar ta karanta abin da aka buga mata ne tsakani da Allah. Laifin mai bugu ne. A gyara hannu, a ga ko za ta yi kuskure.

Malam Ilu: Ɗana, ka sauya magana. Da farko cewa ka yi ta fi mutum karanta bugun hannu. Yanzu kuma ka ce sai hannu ya koma kamar inji tukuna. Ni da Sadiya ta buga mini NNMA ɗin nan, CQ zan ji, ko gezau ba zan yi ba, don na san babu mai zama kan mita yana kiran NNMA. In na ji lambar kira, sai B, sai wata lambar kira, na san DE ake nufi. Wanda ya buga 6E a farkon jimlar Turanci, THE yake nufi, T da H ne suka manne. Ba na ƙirga ɗigo, Nura. Rabona da ƙirga ɗigo tun kafin a haife ka.

Bashir: Amma Malam, da girmanka, a faɗi gaskiya. Akwai dattawan da bugunsu ko mutum sai ya yi gumi. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na taɓa hira da wani mai ƙwaro, ya saita ɗigonsa a wajen kalma 30, ja kuma yana jan sa kamar mai kalma 15. Sau uku ina roƙon ya maimaita sunansa.

Sadiya: Ƙwaro kuma?

Malam Ilu: Laƙabin maɓallin Vibroplex ne da danginsa, 'yata, akwai ma hoton ƙwaron a tambarinsu. Horace Martin ya ƙirƙiro shi farkon ƙarni na 20. In ka tura shi gefe guda, wani ƙarfe mai nauyi a baki yana karkarwa, ɗigo na zubowa da kansu. Ja kuwa kai za ka yi shi da hannunka, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa kowane mai ƙwaro da irin rausayarsa. Bashir, na yarda akwai masu wuce gona da iri. Amma rausayar nan ba cuta ba ce da za a yi wa magani. Kowa da hannunsa, kamar yadda kowa da muryarsa. A Yaƙin Duniya na Biyu masu saurare a ɓoye suna gane ma'aikacin rediyon abokan gaba daga hannunsa kawai, ko ya sauya lambar kira. Ina da aboki da muka shekara ashirin muna haɗuwa a zangon rediyo na mita 40, kafin ya kai ga lambarsa na san shi ne, don yadda yake jan ƙarshen Q kamar ba zai saki ba.

Nura: Baba, duk wannan na ji. Amma wayar da ke aljihunka tana rubuta maganar mutum, da karin harshensa da in'inarsa. Mos alama biyu ce kacal. In an koya wa kwamfuta da misalai masu yawa, a haɗa mata da ƙamus, ita ma za ta gane NNMA CQ ne.

Injiniya Rabi: Ta nan ina tare da kai, ƙanena, amma rabi. Matsalar tsohuwa ce. Tun ƙarshen shekarun 1950 aka gina wata na'ura a Lincoln Laboratory na jami'ar MIT ta Amurka, MAUDE, don karanta Mos ɗin hannu, kuma tun lokacin raba gurabe ne ciwon kan. Hanyoyin yau sun fi, ita kanta Skimmer da lissafin yiwuwa na Bayes take aiki, ba da ma'auni ɗaya tsayayye ba. Ba na musun cewa koyon inji zai ci gaba da rage tazarar. Inda nake tsoro shi ne ƙamus. Ƙamus zai gyara maka TNX (na gode) da WX (yanayi) da NAME (suna). Lambar kira fa? Ba ta da ma'anar da za a jingina da ita. H ɗigo huɗu, 5 ɗigo biyar, S uku. Tsawa ta yi ƙara ta cinye ɗigo ɗaya, ka rubuta wani mutum daban a rajista. Manhajar da ta iya cike gurbi za ta cike maka shi da lamba mai kyan gani, kuma ba ita aka buga ba.

Bashir: Mutum ma yana yin haka, Anti. Ni na sha jin lambar da nake so in ji.

Malam Ilu: Yana yi. Amma in sigina ya nutse ni na san ban ji ba, sai in buga AGN, a maimaita. Ita kuwa ka bar ta a mitar da babu kowa, ka ga yadda za ta cika maka allo da E da T da I, ba kunya ba tsoron Allah. Wani abin dariya kuma, Nura: shi Samuel Morse bai yi nufin a karanta da kunne ba. Layin Washintan zuwa Baltimo na 1844 na'ura ce ke zana alamomin a kan zaren takarda, a duba a fassara. Ma'aikatan ne suka ga suna gane saƙon daga ƙarar na'urar, suka daina kallon takardar. Inji aka fara ba aikin nan, kunne ya ƙwace.

Alhaji Sule: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Malam Ilu, abokina, kada mu yi wa yaran nan tsanani. Kunnena na hagu ya tafi, na dama kuma ƙara yake mini dare da rana. Ba don akwatin nan mai rubuta haruffa ba, da na naɗe eriyata tuntuni. Ba ya karanta komai da komai. Yana kamo rabi, ni ina kamo rabi, mu haɗa. In mai maɓallin lantarki ne, kusan ba ya kuskure. In irinku ne masu ƙwaro, sai in rage dogaro da shi in kasa kunnen da ya rage. Kuma tun 2003 da taron ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya cire wajabcin jarrabawar Mos ga masu neman lasisin rediyo, Amurka ta bi a 2007, duk wanda ka ji yana buga ta don so yake yi. In allo ne ya jawo shi, barka da zuwa.

Malam Ilu: Allah ya ƙara lafiya, Alhaji. Ban hana kowa ba. Abin da na ƙi shi ne a ce ta fi.

Nura: To ni dai a rauni na sigina na tsaya. FT8, hanyar aika saƙo daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta rediyo, tana karanta abin da kunne ba ya ji sam.

Injiniya Rabi: Wannan ba hujjarka ba ce. Joe Taylor da Steve Franke sun tsara FT8 a 2017 don inji tun daga tushe, zagaye na daƙiƙa 15, agogo a saite, da lambobin gyara kuskure a ciki. Babu hannun mutum a sautin ko kaɗan.

Sadiya: Ni kam na ajiye manhajar a matsayin madubi. In ina bugawa in kunna, in ina saurare in rufe allon, don na lura idona na kai wurin kunnena ke yin barci. DE ɗina ya daina zama B tun makon jiya.

Bashir: Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ranar 1 ga Janairu akwai Straight Key Night, daren maɓallin hannu na ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, maɓallan hannu da ƙwari za su cika mita. Nura ya naɗi sauti na rabin sa'a, ya ba manhajojinsa duka, Malam Ilu ya rubuta nasa da biro ba tare da ya ga allo ba. Anti Rabi ta yi alƙalanci.

Nura: Na yarda. Amma a ƙirga lambobin kira daban, hira daban.

Malam Ilu: Ƙirga yadda ka ga dama. Kafin ranar ma, Asabar da dare ka same ni a mita 40, zan buga maka jimla biyar da Vibroplex ɗina. Ka liƙo mana nan abin da allonka ya rubuta, kada ka gyara ko harafi ɗaya. Sadiya, ke ma ki saurara, ki riƙe takarda.

Sadiya: Baba, don Allah a matsar da nauyin nan baya, kalma 12 nake.

Malam Ilu: Ƙwaron ba ya sauka ƙasa da 20 sai na ɗaura masa ƙarin ƙarfe. Zan nemo.