Wai matar nan ce ta bar mu da maleriya?

Ɗan Fagge: Jama'a na ga hoton mutum-mutumin wata Rachel Carson a Woods Hole can Amurka, na tagulla, tana zaune kan benci a bakin teku, wai tun 2013 aka kafa shi don karrama ta. Matar da ta sa aka hana maganin ƙwarin nan DDT sauro ya yi ta kashe mana yara ita ake karramawa?

Maman Ihsan: Kai Ɗan Fagge wa ya faɗa maka haka? Masaniyar halittun teku ce fa, a garin ta je bincike tun 1929 shi ya sa suka ajiye shi nan. Littafinta Silent Spring ya fito 1962, ta rasu 1964, Amurka ba ta hana DDT ba sai 1972, mamaciya ce ta sa hannu?

Ɗan Fagge: Ai Hajiya wanda ya ƙyasta ashana ba sai ya tsaya ganin gobara ba.

Malam Mai Kemis: A'a tsaya. Abin da ta yi faɗa a kai shi ne feshin da ake yi da jirgin sama a gonaki da dazuzzuka, kifi na mutuwa tsuntsaye na ƙarewa, kuma ita da kanta ta ce in aka ci gaba da ambaliya da maganin, ƙwari za su saba da shi ya daina kashe su, to haka ɗin aka yi, tun shekarun 1950 sauro ya fara daina jin DDT a wasu ƙasashe. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka yi kan sinadarai masu guba, ma ta bar ƙofa a yi feshinsa don sauro.

Baffa: Ni dai ina bayan Ɗan Fagge rabi. Afirka ta Kudu ta bar DDT a 1996, maleriya ta ɓarke a lardinsu na KwaZulu-Natal, a 2000 suka koma masa ta sauka. Maganin yana aiki, kuma sunan da aka ɓata masa ya sa masu ba da tallafi suna ɗari-ɗari da shi.

Malam Mai Kemis: Wannan gaskiya ne Baffa, amma feshin bangon ɗaki daban na gona daban. Ka tuna aikin Garki a Jigawa, hukumar lafiya ta duniya ta yi ta feshi gida-gida da wani maganin ma ba DDT ba, har da raba ƙwayoyi, cutar ta ragu sosai amma ana tsayawa ta dawo.

Maman Ihsan: Ni abin da ke damuna fiya-fiyar da muke tsiyayawa a ɗaki mu rufe ƙofa yara na ciki, ba mai tambayar me ke cikin kwalbar.

Ɗan Fagge: To na janye maganar kisa. Amma mutum-mutumin dai ban yarda ba, da ma gidan sauro suka saya da kuɗin.

Baffa: Kuɗinsu ne, garinsu ne. Kai naka gidan sauron ma shuka ka rufe da shi.