Cin gasasshen kifi a Kiribi

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Sati mai zuwa zan kai iyali Kiribi, garin nan na bakin teku a kudancin Kamaru. Ina ake samun kifi mai daɗi da araha?

Hajiya daga Yawunde: Alhaji, je ka bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi. Ka zaɓi naka ɗanye, ka yi ciniki sosai, mata su gasa maka a garwashi. Da soyayyen agada suke kawowa, da miyondo, wato rogo naɗe cikin ganye. Hayaniya kam sai haƙuri, hayaƙi har cikin mayafina. Yajinsu kuwa sai da na yi hawaye!

Direba: Kada ka bar jatan lande. Amma tunda da yara ne, ku zauna can gefe, ana shan giya a wurin.