An sace min awaki: in je caji ofis ko in haƙura?

Mai Awaki: Assalamu alaikum jama'a. Daren Litinin aka shigo aka yanke igiyar awakina uku a turke, ɗaya ma da ciki. Yayana ya ce in kai rahoto wurin 'yan sanda, Inna ta ce in bar wa Allah, kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Ɗan Acaɓa: Allah ya mayar da alheri. Ni dai ina bayan Inna. Bara ƙanina ya yi faɗa ya gudu, suka zo suka tafi da Baba, tsoho mai ciwon gwiwa, wai sai yaron ya fito. Kwana uku ya yi a bayan kanta, muna kai masa kunu a kwanon sha. Ga "beli kyauta ne" a rubuce jikin bango, amma sai da muka sayar da buhun gero. Har yau in ya ji ƙarar motarsu sai ya shige zaure.

Malamin Firamare: Abin da aka yi wa Baba ya ci min rai, kuma ya saɓa doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Mu mutanen karkara ba a faɗa mana wannan, shi ya sa ake taka mu.

Uwar Marayu: Ɗana, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da aka sace min bijimi, ban je ni kaɗai ba, mai unguwa ne ya raka ni. Wani kofur ya rubuta kamanninsa har tabon wuyansa, ya haɗa kai da 'yan sintiri. Ranar Alhamis aka gan shi a kasuwar Maigatari ana cinikinsa. Kuɗin mai kawai na bayar, shi ma ban ji daɗin bayarwa ba.

Mai Awaki: Na gode, Mama. Da asuba zan biya gidan mai unguwa. Mai cikin tana da tsaga a kunnen hagu, ko cikin garke ɗari zan gane ta.