Iskar radon a ɗakin kwana: yadda ake awo da gyara a gidajen karkara

Malamin kimiyya, Rano:
Assalamu alaikum. Tunda hunturu ya kusa, lokacin da kowa ke toshe taga da tsumma ya saki labule, ina so masu awo da magina su faɗi abin da suke gani. Radon iska ce marar launi marar wari, tana fitowa daga sinadarin yuraniyam da ke cikin ƙasa da duwatsu, musamman irin duwatsunmu na Rano, Dutse, Birnin Kudu da Riruwai. A fili iska na kwashe ta, a rufaffen ɗaki kuwa taruwa take yi. Rabinta na narkewa cikin kwana 3.8, ta bar ɓurɓushin poloniyam da dalma da bismut, waɗanda ke manne wa ƙura da hayaƙi su sauka cikin huhu. Bayan taba sigari, ita ce babbar mai jawo sankarar huhu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tsaya a bekerel 100 (bekerel shi ne ma'aunin yawan radon) cikin kowace kubik mita ta iska, in ya gagara kada a wuce 300.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin awon da ya fi dacewa da ƙauye shi ne ɗan kwanon roba mai ɓallin CR-39 a ciki, wata roba ce da radon ke yi wa ƙananan tabo. Ba ya son wuta ko batir. A ajiye shi wata 3, a mayar ɗakin gwaji a ƙirga tabon da ya yi. Abin awo na gawayi kuwa kwana 2 zuwa 7 yake yi, kuma laima na ɓata shi, don haka bai dace da damina ba. Akwai masu batir da ke nuna lamba a fuska, amma kar a ruɗu da lambar dare ɗaya, domin radon kan hau da asuba ta sauka da rana in an buɗe ƙofa.

Wurin ajiyewa ne inda aka fi yin kuskure. A sa shi a ɗakin da ake kwana, ba zaure ba, ba madafi ba. Tsayinsa daga ƙasa kamar mita 1, nesa da ƙofa da taga kamar mita 1, kada rana ta doke shi. Kar a kulle shi a akwati don tsoron yara, a rataye shi da zare daga azara. A gidan ƙasa kuma a nisanta shi da bango aƙalla santimita 30. Dalili, yaɓen ƙasa na fitar da wata iska 'yar'uwar radon mai suna toron, wadda rabinta ke narkewa cikin daƙiƙa 56. Ba ta nisa da bango, amma in abin awon na jingine da shi sai lambar ta haura gaskiya. A rubuta ranar buɗewa da ranar rufewa a jikinsa, in babu su aikin ya tashi a banza.

Magini, Sumaila:
To Yallaɓai, in lambar ta yi sama sai a bar taga a buɗe kawai? A sanyin Janairu ba wanda zai yarda.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Dutse:
Buɗe taga na ragewa, amma da an rufe, cikin sa'o'i take komawa. Ta ƙasa take shigowa, can za a tare ta.

Injiniyan gini, Birnin Kudu:
Haka ne. Ɗaki da dare ya fi waje ɗumi, iska mai ɗumi na fita ta sama, sai ɗakin ya riƙa zuƙo iskar ƙasa ta kowace kafa: tsagar daɓe, mahaɗar bango da ƙasa, ramin gara da na ɓera, da gefen bututun da aka huda.

A sabon gini abin da sauƙi. Bayan an cike ɗaki an daddale, a zuba tsakuwa wankakkiya kaurin santimita 10. A kwantar da bututun roba mai inci 4 da aka huhhuda a cikinta, a haɗa shi da wani a tsaye wanda zai bi bango ya wuce saman rufi, kamar dai bututun shan iska na masai. A shimfiɗa leda mai kauri, inda biyu suka haɗu su hau juna santimita 30 a liƙe, sannan a zuba kankare. Abin da ke ɓata aikin: leburori su taka ledar da baro ta huje, ko a yi amfani da tsakuwa mai ƙasa, ta toshe hanyar iska. Bakin bututun ya yi nesa da taga, a sa masa raga da murfin ruwan sama, a shafa wa na saman baƙin fenti don rana ta ɗumama shi ya ja da kyau.

Tsohon ɗaki mai daɓen ƙasa, a yi masa siminti a kan leda. Mai siminti da ya tsage, a faɗaɗa tsagar a cika da abin liƙi mai danƙo, don siminti zalla sake tsagewa yake yi. Liƙi kaɗai ba kasafai yake isa ba in lambar ta yi yawa. Nan sai a fasa rami kamar girman bokiti a ƙarƙashin daɓen, a cika da tsakuwa, a sa bututu da ƙaramar fanka mai aiki dare da rana, ta sola ma ta yi in da batir. Fankar a waje za ta zauna. Kuma don Allah kar a sa fanka mai fitar da iska a bangon rufaffen ɗaki, ƙara zuƙo ta ƙasa take yi.

Ma'aikaciyar lafiya, Doguwa:
Baba magini, ga abin da za ka faɗa wa masu gida kafin kuɗin siminti ya samu. Kafar iska biyu a sama, suna kallon juna, a bar su ko da sanyi. Masu kwana a tabarma su hau gado, a ja shi daga jikin bango. A daina kwana da kaskon garwashi, kuma mai shan taba ya fita waje, don shi haɗarin radon ya fi kamawa nesa ba kusa ba.

Mai haƙar rijiya, Gwaram:
Ruwan burtsatsen da aka huda cikin dutse ma yakan ɗauko radon. In ya bi ta tankin sama mai kafar iska, kaso mai yawa na fita kafin ya iso famfo. Banɗakin tsakar gida ba abin damuwa ba ne, na cikin ɗaki marar taga shi za a duba.

Magini, Sumaila:
Na gode. Bayan gyara a sake awon wata 3 kenan?

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Dutse:
Ƙwarai, a wuri ɗaya, kuma a irin lokacin da aka yi na farko. Na hunturu ba a gwada shi da na bazara, sa'ad da kowa ke kwana a tsakar gida ƙofa a buɗe.