Ƙanina zai ɗauke 'yarsa zuwa Faransa, hijabinta fa?

Baffa daga Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina shekararsa tara a Marsey yana tuƙin motar kaya. Yanzu takardun iyalinsa sun fito, yana so matarsa da 'yarsa su bi shi. Yarinyar shekararta 13, a hannuna ta tashi, ta kai izu ashirin a islamiyya, ko shagon bakin titi ba ta zuwa ba hijabi. Jiya ya kira ni ya ce a can sai ta cire a ƙofar lekol, wato makarantar boko. Da safe na tarar da ita tana goge farin hijabin da ta ce da shi za ta shiga jirgi, bakina ya mutu. Waɗanda suka zauna can, haka abin yake?

Malama daga Zariya:
Wa alaikumus salam Baffa. Haka yake, na yi karatu a Liyon na gani da idona. Tun 2004 doka ta hana ɗalibai sa alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati, daga firamare har lise, wato babbar sakandare. A 2023 suka haɗa da abaya. Niƙabi kuwa dokar 2010 ta hana shi har a titi. Amma a jami'a da hijabina na zauna aji, ba wanda ya taɓa ni. Yaran maƙwabtanmu suna cirewa a bakin ƙofa su cusa a jaka, in an tashi su mayar. Wata ta saba, wata kullum da hawaye. Dokar 2004 ba ta hau kan makarantun kuɗi ba, ƙanin naka ya bincika unguwarsu.

Ɗan Sabon Gari:
Ni abin da ke cina, su ce sai ka zama kamarsu don al'adarsu ce a sama. Sarkozi, shugaban Faransa na lokacin, ya tsaya a Dakar a 2007 ya ce ɗan Afirka bai gama shiga tarihi ba. To babban masallacin Faris da aka buɗe a 1926, ba don Musulmin da suka mutu suna yi musu yaƙi aka gina shi ba? Lokacin ba a ce su cire komai ba. Baffa, riƙe ta nan.

Hajiya daga Mokoyo:
Ɗana, sassauta. Yarinya rabonta da ubanta sai a waya, uwarta kuma tafiya za ta yi. Malam Baffa, ka zaunar da ita yau, ka faɗa mata maganar ƙofar lekol ɗin nan da bakinka, kada ta fara jin ta daga bakin baƙo. Ka ji me za ta ce.

Baffa daga Bagalam:
Na gode Hajiya. Bayan isha'i zan kira ta, uwarta na zaune. Malama, makarantun kuɗin nan, mai tuƙin mota zai iya biya?